Rubutun da Ya Kashe Tumatir



Na san yawancinmu ƙagaggen labari ne ya tara mu. Wannan tana fama da babi na goma sha biyu na littafin soyayya, wancan yana neman yadda zai kashe mugun labarinsa ba tare da masu karatu sun yi masa ca ba. To yau ku yi haƙuri da ni, zan ja ku zuwa lungun tsakar gida, wajen buhu da ƙasa da kashin awaki. A wurin ne na taɓa yin rubutun da ya yi kisa, kuma tun daga lokacin na canza ra'ayi a kan wane irin rubutu ne ya fi wuya da Hausa.

Ku tuna shekarar 2020. Ranar 11 ga Afrilu aka tabbatar da mutum na farko mai korona a Kano, ranar 16 gwamnatin jiha ta sa dokar kulle. Azumi ya kama ranar 24 ga watan, ranar 27 kuma Shugaba Buhari ya ƙara wa jihar mako biyu cur. Wanda ya zauna a Kano a lokacin ya san abin da ya fi ci wa mata tuwo a ƙwarya. Shinkafa da gero da wake suna ajiyuwa ga mai halin saye. Ganye ba ya ajiyuwa. Ranar da aka sassauta a fita cefane, sai ka ga turmutsutsu a kasuwa kamar jajiberin salla, ka sayo alayyahu yau, jibi ya yanƙwane, sai a koma kuka da busasshiyar kuɓewa har ranar fita ta sake zagayowa.

Muna da wani zauren WhatsApp na dangi da maƙwabta, wanda aka buɗe don sanarwar biki da suna da rasuwa. A kwanakin kulle ya koma wurin ƙorafi. Rannan wata yayarmu ta rubuto cewa ita fa ta gaji da miyar kuka, sai na yi caraf na ce ai kowa zai iya shuka kayan miyarsa a gida, ni zan koyar. Ku tambaye ni da wace shaida. Rabona da riƙe fartanya tun gonar makarantar firamare. Abin da nake da shi data ce, da Turanci, da kuma yarda da kai irin ta wanda aka taɓa yaba wa labarinsa a Facebook.

Na kwana ina karanta shafukan Turawa, na wayi gari na rubuta darasi na farko a kan tumatir. Wallahi ya yi kyau a ido. Na buɗe da kirarin noma, na duƙe tsohon ciniki, na bi da sakin layi guda a kan dogaro da kai, sannan na zo kan aikin. Ga jimlar da har yau nake jin kunyarta: "A zuba taki isasshe, a ajiye a wuri mai rana, a riƙa ba da ruwa yadda ya kamata." Na sha yabo. Wani ma cewa ya yi ashe malamin gona gare mu ba mu sani ba.

Kafin mako uku hotuna suka fara shigowa. Wata ta karanta "taki isasshe", ta kwashe ɗanyen kashin kaji daga akurki ta haɗa rabi da rabi da ƙasa, tsiron ya ƙone ƙurmus. Wani ya karanta "wuri mai rana", ya ɗora bokitinsa a saman bene, a ƙarshen Afrilu, lokacin da zafin Kano ke kaiwa digiri 40. Wata baiwar Allah kuma ta fahimci "yadda ya kamata" da cewa bayan kowace salla a zuba buta guda, kuma tunda ban ce a huda gindin bokitin ba, ba ta huda ba, saiwar ta ruɓe a cikin caɓi. Duk cikinsu babu wanda ya saɓa wa abin da na rubuta. Kowa ya bi umarni, umarnin ne fanko.

Kuskuren ma ya fara tun kafin jimlar. Shafukan da na karanta an rubuta su ne a ƙasashen da Afrilu yake lokacin fitowa daga sanyi. Mu kuwa Afrilu da Mayu tsakiyar bazara ne. Tumatir a wajenmu ɗan noman rani ne, da sanyin hunturu yake albarka, shi ya sa a lokacin ne kwanduna ke kwararowa daga Kadawa da Kura zuwa kasuwar 'Yankaba. Idan zafi ya tsananta, ko ya girma ya yi fure, furen zubewa yake yi. Kowane mai lambu ya san haka. Ni na fassara kalmomi daidai, amma ban fassara yanayi ba.

Wadda ta cece mu Goggo ce, ƙanwar mahaifina, wadda ba ta karatun boko, jikarta ce ke riƙe mata waya. Ta turo saƙon murya da bai kai minti biyu ba. Ta fara da ni: "Kai ɗan nan, wa ya ce maka ana shuka tumatir a bazara? Ku bar wahalar da kanku, ku shuka alayyahu." Sai ta zayyano. A samo buhun shinkafa ko na siminti, a naɗe bakinsa ya dawo rabi, a huda gindinsa da ƙusa wuri kamar goma. Ƙasa kwano biyu, taki kwano ɗaya, kuma takin ya zama tsoho, wanda ya daina wari, in ka murza shi ya zama gari. Irin alayyahu ƙanana ne ƙwarai, don haka a ɗebi cikin murfin kwalba ɗaya a cakuɗa da yashi cikin gwangwanin madara, a barbaɗa kamar ana sa gishiri a miya, kada a binne shi da zurfi. Ruwa da hannu ake yayyafawa, bayan sallar asuba da bayan la'asar. Buhun kuma a jingina shi da katangar yamma, ya sha ranar hantsi, in azahar ta gota inuwa ta rufe shi.

Na saurari saƙon nan ya fi sau biyar, kuma ba don alayyahun ba. Ina so ku dubi yadda aka gina shi, domin nan ne darasin namu yake. Babu jimla ɗaya a ciki da ta bar mai sauraro da zaɓi. Duk inda ni na sa sifa, ita ta sa ma'auni, kuma ma'aunin yana cikin kicin ɗin kowa: kwano, murfin kwalba, gwangwanin madara. Duk inda na ce "a kai a kai", ita ta ɗaure abin da lokacin salla, agogon da ba ya buƙatar batir. Inda ma'auni ba zai yiwu ba sai ta ba da alama: ya daina wari, ya zama gari. Da aka tambaye ta yadda za a gane ko ruwa ya isa, cewa ta yi a tsoma yatsa cikin ƙasar zuwa gaɓa ta biyu, in ya fito da danshi a bari sai anjima. Sannan ta kwatanta abin da ba a sani ba da abin da hannu ya riga ya iya. Macen da ta shekara ashirin tana girki ba sai an koya mata barbaɗa gishiri ba.

Ra'ayina ke nan, kuma ina tsaye a kai: koyar da aikin hannu daga nesa shi ne jarrabawar rubutu mafi tsanani da na sani, kuma mu marubutan Hausa mun yi sakaci da shi. Idan malami yana tsaye kusa da ɗalibi, hannunsa yana cike giɓin da bakinsa ya bari. Ya ce "kamar haka", ya nuna, an wuce wurin. Kulle ya cire hannun, ya bar kalma ita kaɗai. In kalmar ta rame, shuka ta mutu, kuma a turo maka hoton gawar.

Daga ranar na sauka daga kujerar malami na koma magatakardan Goggo. Ina kiran ta, ta yi bayani, in yi ta tambaya har sai ta ƙosa, sannan in rubuta. Na koyi cewa darasi ɗaya aiki ɗaya ne. Yau haɗa ƙasa kawai, kowa ya turo hoton buhunsa, sai gobe a yi maganar iri. Bidiyo mun gwada mun bari, don yawancin mutane ba sa buɗe shi saboda tsadar data. Hoto ɗaya da layi biyar sun fi shi aiki. Alayyahu ya rufa mana asiri, cikin mako uku zuwa huɗu aka fara yanka, kuma in aka yanke sama aka bar gindin sai ya sake tofo. Daga nan muka shiga rama da yakuwa da lalo, waɗanda ba sa tsoron zafi. Albasa mai lawashi ko iri ba ta buƙata, gindin da ake zubarwa shi ake mayarwa ƙasa. Kuɓewa muka jiƙa irinta ya kwana a ruwa kafin shuka, ta fara 'ya'ya wajen wata biyu, aka yi ta gargaɗin a riƙa tsinka duk bayan kwana biyu kafin ta ƙosa ta zama itace.

Wani zai ce, to tunda muryar Goggo ta fi rubutunka, ina amfanin marubuci? Ni ma na yi wa kaina wannan tambayar. Amsar ta zo da kanta bayan 'yan kwanaki. Saƙon murya yana nutsewa a ƙarƙashin gaisuwar Juma'a da hotunan jarirai da jita-jitar maganin korona. Ba a iya bincikensa. Wanda ya shigo zauren daga baya sai ya sake tambayar abin da aka amsa sau uku. Rubutu kuwa ana ajiye shi, ana tura shi wani zauren, yaro yana karanta wa mahaifiyarsa yana tsaye a kan buhun, wata ma kwafe shi ta yi a takarda ta miƙa wa maƙwabciyarta ta kan katanga. Abin da na sauya shi ne, ba na tura darasi sai na karanta shi da ƙarfi. Duk jimlar da bakina ya yi tuntuɓe a kanta, ko na ji Goggo ba za ta taɓa faɗinta haka ba, sai in rushe ta.

Maganar kalmomi ma ta ba ni wahala, kuma laifina ne. Na zauna ina ƙirƙirar fassarar wasu kalmomin Turanci na aikin lambu, alhali masu lambu suna da nasu tun kafin a haife ni: dashe, renon iri, fangali, ban ruwa. Ban san su da kyau ba ne kawai, don karatuna bai bi ta lambu ba. Sai kuma bambancin karin harshe. Matar wani ɗan uwanmu Basakkwatiya ce, sai da ta tambaya muka gane cewa kuɓewarmu ita ce guro a wajenta, yakuwa kuma sure. Bishiyar da na kira darbejiya, wasu dogon yaro suka sani, wasu maina. A labari irin wannan ado ne. A darasi, in ba ka kawo sunayen duka ba, ka bar wani a baya.

Akwai ranar da abin ya wuce maganar asarar tsiro. Tsutsa ta fara cin ganye, sai wani ya turo shawara cewa a fesa fiya-fiya, maganin da ake sa wa sauro da kyankyasai, wai shi ya gwada kuma ƙwarin sun mutu nan take. Ganyen da za a yanka a dafa wa yara cikin kwana biyu ko uku! Kafin in gani har mutum biyu sun yi masa godiya. Ranar ban yi wani ado ba, layi uku na rubuta: kada kowa ya fesa, guba ne, wanda ya riga ya fesa ya tumɓuke ya zubar. Sannan muka kawo abin da za a yi a madadinsa, domin hani ba tare da mafita ba ba ya daɗewa. A daka ganyen darbejiya, a jiƙa ya kwana, a tace, a yayyafa da yamma. A duba bayan ganye da safe a cire tsutsa da hannu, tunda buhu uku ne ba gona ba. Tsohon gidan sauro kuma a lulluɓa, ya tare kaji da ƙadangaru da fara. Tun daga ranar nake kallon duk wani saƙo mai "a tura wa 'yan uwa" da wani ido daban. Wani ne ya rubuta shi, kuma da yawa an rubuta su da irin gangancin da na rubuta darasin tumatir.

Ba zan yi muku ƙarya in ce buhu ya kori yunwa ba. Ina jin haushin masu zuzuta irin wannan abu kamar shi ne maganin talauci. Buhu uku ba ya ciyar da gida mai mutum goma, iyakarsa miyar ganye sau biyu a mako. A unguwar da ake sayen ruwa wajen 'yan garuwa, kowace buta kuɗi ce, shi ya sa muka koma tara ruwan alwala da na wanke shinkafa, muka hana zuba na omo. Masu zaman gidan haya wasu ko wurin ajiye buhu ba su da shi. Mafi ɗaci kuma, waɗanda kulle ya fi gasa wa aya a hannu, masu fita kullum su nemo na ranar, yawancinsu ba sa cikin zauren, don ba su da babbar waya. Koyarwa daga nesa tana fara isa ne ga wanda ya fi sauƙin hali. Abin da ya ɗan rage wannan giɓin ba waya ba ce, maƙwabtaka ce: tsiron da ya yi yawa a buhun wannan ya tsallaka katanga, tare da bayanin da aka haddace. Bayanin kuwa ba zai haddatu ba in da irin nawa na farko ne. Da aka ɗage kulle a farkon Yuli, da yawa sun watsar, buhunan suka koma wurin kwanciyar kyanwa. Wasu kaɗan sun ci gaba, damina ta taimake su.

Wannan aiki ba baƙo ba ne a tarihin rubutunmu, mu ne muka manta. Idan ana maganar Zariya sai mu tuna gasar 1933 da ta haifar da Ruwan Bagaja da Ganɗoki, mu tuna Gaskiya Ta Fi Kwabo da ta fara fita a 1939. Amma a shekarun 1950, zamanin Yaƙi da Jahilci, hukumar NORLA ta buga ƙananan littattafai masu yawa don sababbin masu karatu, kuma ba duka ne labarai ba, akwai na koyar da abubuwan rayuwar yau da kullum. Mutanen da suka yi wannan aiki sun ɗauki rubutun koyarwa da muhimmanci. A Ingila ma, lokacin yaƙin duniya na biyu, da takardu da shirye-shiryen rediyo aka koya wa mutanen birni shuka kayan lambu a bayan gidajensu. Yau a Samaru akwai cibiyar binciken aikin gona da ta yaɗa ilimin noma ta Jami'ar Ahmadu Bello, ilimin yana nan jibge. Sai dai manomi mai gona daban, matar aure mai buhu uku a Kurna ko Ɗorayi daban. Tsakanin abin da masana suka sani, da abin da irin su Goggo suka sani, da wayar da ke hannun wannan matar, akwai wurin zaman marubuci, kuma kujerar babu kowa a kai.

Na san abin da ke ran wasunku: wannan ai ba adabi ba ne. To ku buɗe babin da kuka rubuta jiya. Ku ƙirga sau nawa kuka ce yarinya "kyakkyawa ce ajin farko", ko gida "na alfarma", ko "ransa ya yi mummunan ɓaci". Waɗannan su ne "taki isasshe" na ƙagaggen labari. Bambancin kawai shi ne a labari babu mai turo maka hoton abin da jimlarka ta kashe. Mai karatu tsallakewa yake yi shiru, ya rubuta maka "muna jiran ci gaba", kai kuma ka ɗauka ka iya. Ni sai da na rubuta yadda ake haɗa ƙasa sau huɗu kafin na lura cewa a duk labaran da na taɓa rubutawa babu mutum ɗaya da ya taɓa yin wani aiki da hannunsa har mai karatu ya gani. Kowa "yana aiki a kamfani" ko "tana girki". Wane girki? Me ke hannunta? Goggo da ba ta taɓa karanta littafi ba, ba za ta taɓa ba da labari haka ba.

Ga aikin wannan mako ga mai sha'awa. Zaɓi abu ɗaya da ake yi da hannu a gidanku, ko shuka alayyahu a buhu, ko dasa zogale, ko ajiye irin kuɓewa na baɗi. In ba ka iya ba, nemi dattijo ko dattijuwar da ta iya, ka tambaya har a gaji da kai. Rubuta shi cikin kalmomin da ba su wuce ɗari da hamsin ba. Sannan ka miƙa wa wanda bai taɓa yi ba, ka koma gefe ka kama bakinka, ko da kana ganin yana shirin zuba ɗanyen kashin kaji. Duk inda ya tsaya ya ɗago kai ya kalle ka, sa alama a wurin. Ka kawo mana rubutun na farko da wanda ka gyara, mu ga biyun tare.

Nawa na irin kuɓewa, na rubuta cewa a bar ƙwaya ɗaya a jikin uwar har ta bushe. Ƙanena ya karanta, ya je ya dawo ya tambaye ni wacce daga ciki, ta sama ko ta ƙasa. Sai da na sake kiran Goggo.